Kalmar da Gwaggo Ta Dangwala wa Hannu

Shekara goma sha tara Gwaggo ta yi a ɗakin wankin asibiti, ba a taɓa kiranta ofis ba sai ranar Talatar nan. Kowa Gwaggo yake ce mata, har likitocin da suka girme ta.

Safar hannu ce ta ƙare, mako uku kullum ana cewa gobe za a kawo. Sai allurar da aka manta cikin zanin gado ta soki 'Yar Auta, ƙaramar cikin matan ɗakin wankin, a tafin hannu. Gwaggo ta dubi tulin zannuwa masu jini, ta kife bokiti ta zauna a kai, ta ce, "Ni dai yau ba zan taɓa ba." Sauran matan shida su ma suka zauna. Kwana biyu marasa lafiya suna kwana kan robar katifa.

A ofis akawu ya turo mata takarda da Turanci. "Cewa kawai aka yi ke kika fara zama. Ko ba ke ba ce?"

"Ni ce," ta ce, ta dangwala yatsa. Ya ba ta kwafi, ya ce ta dawo Juma'a gaban kwamiti.

Hankalinta bai kwanta ba. Ta wuce makarantar da ƙanenta ke koyar da Turanci, ta same shi a baranda yana duba littattafan ɗalibai. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau.

"Yaya, wa ya ce ki sa hannu?"

"Me aka rubuta?"

Ya ɗora biro kan wata kalma. "Kin ga wannan, instigated. Ba farawa take nufi ba. Zuga ce, tunzurawa. Wato ke kika ingiza su da gangan, da ba don ke ba da ba su yi ba. A hira ba a cika jin ta ba, sai a takardun hukuma da kotu, kuma da wuya a sa ta kan abin alheri."

Ta dafa tebur. Mijinta shekara biyu ke nan rabin jikinsa ya shanye, kuma a asibitin ake duba shi saboda tana ma'aikaciya.

"To ka goge ta."

"Ba a gogewa, Yaya. Sai dai matan su zo su shaida ba ki ce musu komai ba."

Kwana biyu tana bin gidajen matan. Ta farko ta ce yaronta ba lafiya. Ta biyu ta aiko a ce ba ta nan, alhali Gwaggo tana jin muryarta a tsakar gida. 'Yar Auta ta fito da hannu a naɗe, ta riƙe ta tana kuka. "Gwaggo, an ce duk wadda ta buɗe baki za a kore ta tare da ke. Sakamakon gwajin jinina ma bai fito ba." Gwaggo ta share mata hawaye da gefen mayafi, ta juya.

Ranar Juma'a mutum uku ne a bayan tebur, fanka tana kaɗa takardunsu. Shugabar kwamitin ta ɗaga takardar. "Ai kin riga kin amsa."

"Hajiya, zama na amsa. Ku tambayi kowa, ban ce wa ko ɗaya ta zauna ba."

"Da kika zauna, kin san za su bi ki?"

Gwaggo ce ta koya wa dukkansu aikin, har yadda ake cire tabon jini da ruwan sanyi. Ƙarya ta zo mata har bakin leɓe, ta kasa fitar da ita.

"Na sani," ta ce. "Amma ko ba su bi ni ba, da na zauna."

Shugabar ta rubuta wani abu, ba ta ɗago ba. Kafin la'asar aka karɓi katin shaidarta da makullin akwatinta.

Ƙanen yana jiranta a bakin ƙofa. Ya ce akwai ɗaukaka ƙara cikin mako biyu, amma ba shaidu ba za a ko buɗe takardar ba. A nan gefen titi ya jingina littafi da gwiwa ya rubuta mata layi uku da Hausa, cewa masu sa hannu a ƙasa don kansu suka zauna.

Washegari tun kafin a sauya aiki tana tsaye a tashar motar da matan ke sauka, da takardar a leda da kwalbar tawada. Uku suka wuce ta kansu a sunkuye. Ta huɗu, wata mai yawan tari da ba su cika shiri ba, ta tsaya, ta waiga hagu da dama.

"Miƙo da sauri," ta ce, "kada maigadin asibiti ya gan ni."