Abin da Ya Kawo Rohan Asibiti

Dermot Hanley yana fama da igiyar rigar asibiti, irin wadda ake ɗaurewa ta baya, sai idonsa ya faɗa kan wurin ajiye motoci ta taga. Wata farar a-kori-kura ce ke kutsawa tsakanin motoci biyu, da tsani ɗaure a samanta. Ko daga barci ya tashi ya san motar nan. Ta wansa Rohan ce, mai gyaran wutar lantarki.

Tsakanin garin Whyalla, inda Rohan yake zaune, da birnin Adelaide, inda asibitin yake, akwai nisan da mutum ba zai ce hanya ce ta biyo da shi ba. Kuma Dermot bai gaya wa kowa a dangi cewa yau za a yi masa aiki ba. Daga shi sai matarsa Tahlia, ita kuwa tana hawa na sama, ana shirin cire mata ƙwai a safiyar.

Sun daɗe da aure babu ko ɓatan wata. Da aka yi gwaji sai aka ce Tahlia lafiyarta ƙalau, shi ne babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a maniyyinsa. Dakta Perera, likitar da ke duba su, ta ce da sauran dabara: za a tsaga maraina a bincika da madubin ƙara girma, in an dace da ko 'yan kaɗan, a riƙa ɗaukar ɗaya ana tsira ta cikin ƙwan Tahlia da allura. In ba a samu ba, wasu kan karɓi na wani, wasu ma na ɗan'uwa. Dermot ya ce a bar maganar nan, shi ba zai rena wa Rohan ɗa na huɗu ba. Tahlia ba ta tanka ba a ranar, kuma shirun nata ya fi kowace magana tsaya masa a rai.

Tun daga nan ya fara lura. Takan fita bayan gida da waya, in ya leƙo sai ta sauya murya ta kama zancen aiki. Sau ɗaya wayar ta yi haske a kan teburin kicin, ya ga sunan Rohan. Ya tambaye ta, ta ce maganar gyaran wutar gareji ce. Wutar garejin kuwa babu abin da ya same ta.

Da Dakta Perera ta shigo duba shi kafin a shiga da shi, ya tambaye ta kai tsaye ko zai yiwu a yi amfani da na wani ba da saninsa ba. Ta ce sam, doka ta hana, sai da yardarsa, kuma duk abin da aka cire daga jikinsa mutum biyu ne ke tabbatar da sunansa a kai. Ya gyaɗa kai. A ransa kuwa ya ce amsar ta fito da sauri, kamar an daɗe da tanadar ta. Da wannan tunanin allurar barci ta ɗauke shi.

Ya farka da ƙanƙara a tsakanin cinyoyinsa, bakinsa a bushe. Nas ta ce aiki ya yi kyau, Tahlia ma ta fito lafiya tana hutawa, amma masu ɗakin gwaji suna kan bincike, abin yakan ɗauki lokaci. Ta ja labule ta fita. Ba ta yi nisa ba ya ji muryarta a baranda tana dariya.

“Rohan Hanley, kai ne? Ina tagwaye, sun shiga makaranta?”

Dermot ya kasa kunne. Wato har an san shi a nan, har an san 'ya'yansa.

Rohan ya ɗaga labule ya shigo da kofi biyu a hannu, da kayan aikinsa a jiki. Ya dubi ƙanin nasa daga sama har ƙasa.

“Rigar ta karɓe ka, mutumina. Ka tafi da ita gida.”

“Wa ya ce ka zo?”

“Tahlia. Ta ce ba a yarda ku tuƙa mota ba yau.”

“Akwai tasi a garin nan.” Dermot ya yunƙura zai zauna, zafi ya mayar da shi. “Tun yaushe kake zuwa wurin nan? Har nas ta san sunan gidanku. Ka riga ka ba su naka, ko? An ajiye yana jira, in nawa bai fito ba a cika da naka, a ce mini an dace.”

Rohan ya dubi kofunan da ke hannunsa. Sai ya ajiye su a kan ƙaramin tebur, ya jawo kujera ya zauna, ya cire hula yana juya ta.

“Nawa,” ya ce, ya yi wata gajeriyar dariya. “Derm, a ɗakin da ke kallon wannan aka kwantar da ni. Sau biyu aka tsaga ni. Ba su samu ko ɗaya ba.”

Ya faɗi sauran a hankali, idonsa a kan hular. Shi da matarsa Bronwyn sun yi ta zuwa nan a ɓoye, suna cewa sun je kallon ƙwallo. Daga ƙarshe suka karɓi na wani bawan Allah da ba su taɓa gani ba. Babbar 'yarsu da tagwayen duk ta hanyar nan aka same su. Yaran sun sani, tun suna ƙanana aka gaya musu. Bronwyn ce ta faɗa wa Tahlia da ta ga halin da take ciki, Tahlia kuma ta yi ta kiransa tana roƙon ya gaya wa Dermot da bakinsa, shi kuma yana ta ce mata gobe.

Dermot ya tuna mahaifinsu, Allah ya ji ƙansa, tsaye a gaban murhun gashi ranar Lahadi yana juya tsiran nama, yana cewa Rohan ya cika gida, Dermot kuwa har yanzu kare yake kiwo. Kowa ya yi dariya, har da Rohan.

“Kana ji yana faɗa, kana dariya,” in ji Dermot.

“Ina ji.” Rohan ya shafa ƙeya. “In ban yi dariya ba, ni zai juyo ya kalla.”

Dermot ya yi ta kallonsa yana neman inda ƙaryar take. Ya san fuskar nan tun suna kwana ɗaki ɗaya, ya san yadda kunnensa ke ja in ya shirya zance. Kunnen bai yi ja ba. Duk da haka wani sashe na zuciyarsa bai sake ba, yana cewa ai mai son rufe abu irin wannan labarin zai kawo.

Suna nan zaune, kofin ya huce, Dakta Perera ta shigo da waya a hannu. Rohan ya miƙe zai ba su wuri, Dermot ya ce ya zauna. Ta ce an samu ƙwayoyin. Ba su da yawa, kuma ba duka ke motsi ba, amma sun isa a gwada da ƙwan Tahlia yau ɗin nan. Ta ce kada ya ɗauka an gama, wannan matakin farko ne. Sannan ta miƙo wayar, ta ce ga hoton da ɗakin gwaji suka turo.

Tun kafin a sa shi barci Dermot ya tanadi tambayarsa, ta yadda zai tabbatar nasa ne. Tana nan a bakinsa. Sai ya ga Rohan ya miƙa wuya daga kujerarsa yana leƙen wayar, kamar mai kallon kaya ta gilashin kanti. Dermot ya karɓi wayar, bai duba ba, ya miƙa masa.

Rohan ya riƙe ta da hannu biyu, ya daɗe yana kallo.

“Dubi wannan na gefe, ya kwanta abinsa ana aiki,” ya ce. “Kai ne sak.”

Dakta Perera ta tambayi Dermot ko yana da wata tambaya. Ya ce eh, yaushe za a bar shi ya hau sama ya ga matarsa.