Kufai a Watan Zafi

A kamfanin shirya tafiye-tafiye inda Ofisa yake aiki, akwai tambayar da duk mai bugo waya sai ya yi ta: wane lokaci ne ya fi kyau a je kufai? Kufan na wani tsohon birni ne can cikin hamada, ginshiƙan dutse a tsaitsaye da bangaye masu rubutun mutanen da suka daɗe da zama ƙasa. Amsar gaskiya kowa a ɗakin wayar ya san ta, har mai goge tebura: lokacin sanyi. Amma Manaja ya hana a faɗe ta. A cewarsa lokacin sanyi shi yake sayar da kansa, motocin da ke kwana a gareji lokacin zafi su ne suke buƙatar mai baki. Saboda haka dokar ɗakin ita ce, ko yaushe mutum ya kira, lokacin da ya fi kyau shi ne wata mai kamawa.

Ofisa kuwa ba wani ofisa ba ne. Dangin matarsa ne suka laƙaba masa sunan, don ko ziyara ya je katin aikinsa yana rataye a wuya. Aikinsa shi ne zama a wani ɗan akurkin tebur da aka kewaye da katako, abin sauraro a kunne, hagu da dama abokan aiki suna ta zuba. Allah ya ba shi daɗin baki, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Abin da bai iya ba shi ne sauraro. Idan mai kira yana magana, Ofisa ba jin sa yake yi ba, jira kawai yake mutum ya numfasa ya kutsa.

Wata ranar aiki da hantsi, zafi ya fara kankama, wani tsoho ya bugo. Muryarsa ta dushe da mura, layin kuma yana ƙara. Ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya yi tambayar da kowa ke yi.

"Baba, ka kira a kan gaɓa," in ji Ofisa, idonsa yana kan agogon bango. "Wata mai kamawa ya fi kowane. Ba cunkoso, ba turereniya, kufan kamar naka ne kai kaɗai. Hasken rana kuma yana fito da rubutun bango tar."

"To ai ni na manyanta, ɗana. Zafin fa?"

"Haba Baba! Zafin hamada busasshe ne, ba irin na gari ba ne. Ko gumi ba za ka yi ba."

"Ka tabbata?"

"Da mahaifina ne, a watan nan zan tura shi."

Wannan jimlar ita ce makaminsa na ƙarshe, kuma ba ta taɓa ba shi kunya ba. Tsohon ya ce, "To madalla. Allah ya yi maka albarka." Ofisa ya danna maɓalli ya miƙa shi ga matar da ke yanka tikiti, ya kurɓi shayinsa da ya huce, ya ɗauki kira na gaba. Ko sunan mutumin bai tambaya ba, don wannan ba aikinsa ba ne.

Ba kuma rashin sani ba ne. Ofisa yana ganin direbobi in sun dawo daga kufai a irin wannan watan, leɓɓa a tsattsage, ido ja. Ya san daga inda mota ke tsayawa zuwa bangayen tafiya ce mai nisa cikin rairayi, babu ko inuwar sanda. Ya san masu gadi suna rufe ƙofa tun rana ba ta take ba, kuma bara sai da aka ɗauko wata mata a sume. Duk ya sani. Kawai dai waɗanda yake turawa ba su da fuska.

Ƙarshen mako suka je cin abincin rana gidan surukai, shi da matarsa, wadda kowa ke kira Auta. Mahaifinta malamin tarihi ne da ya yi ritaya, mutum mai ƙarancin magana, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana zana wa ɗalibai ginshiƙan kufan nan da alli bai taɓa ganinsu da ido ba. Yanzu ciwon zuciya ya sa shi gaba, kwalaben magani jere a kan taga. Ana cikin ci ya ajiye cokali ya gyara murya, murar da ta kama shi ba ta gama sakin shi ba.

"Na yanki tikiti," ya ce. "Zan je kufai wata mai kamawa."

Mama, mahaifiyar Auta, ta dafa ƙirji. "A wannan zafin? Kai da hawa benen asibiti yake gagara?"

"Ba da ka na yi ba, sai da na tambayi masana. Na kira kamfanin su Ofisa, na samu wani yaro mai ladabi, ya ce zafin can busasshe ne." Ya dubi Ofisa yana murmushi. "Har ya ce mini da mahaifinsa ne, a watan nan zai tura shi. Mutum ya faɗa maka haka, me kuma ya rage?"

Ofisa ya ajiye lomar da ya ɗauko. Wani zafi ya taso masa daga wuya zuwa kunnuwa, ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Auta kuwa sai washe baki take yi, tana cewa ai ta sha faɗa, kamfaninsu ba na wasa ba ne.

"Kai Ofisa, kai ka san kan abin," in ji Mama. "Faɗa mini tsakaninka da Allah, ana zuwa a lokacin nan?"

Ga ƙofar faɗin gaskiya a buɗe, ba abin da ya rage sai ya shiga. Amma yayun Auta suna zaune, matansu suna zaune, kowa ya zuba masa ido irin na ga mai ilimin abin.

"Ana zuwa, Mama," ya ce. "Mutane suna zuwa."

Bai ƙara loma ba. A hanyar gida Auta ta tambaye shi ko abincin ne bai yi masa ba, ya ce ciki ne. Wannan kam bai yi ƙarya sosai ba.

Ranar aiki ta farko ya lallaɓa teburin mai yanka tikiti, ya roƙe ta ta ɗaga tafiyar surukinsa zuwa lokacin sanyi, a ce motar ce ta cika. Ta dube shi ta saman tabarau ta ce sai dai mai tikitin ya nema da bakinsa, ita ba za ta rasa aikinta a kan surukin wani ba. Kafin a tashi cin abinci labari ya zaga ɗakin. Manaja da kansa ya zo ya dafa kafaɗarsa yana dariya har da hawaye, ya ce wa sauran su yi koyi, ga wanda ya sayar wa surukinsa watan zafi. Aka tafa masa. Ofisa ya yi yaƙe, ya maida abin sauraro kunne.

Ya yi tunanin ya sa Auta ta hana uban. Ya yi tunanin ya roƙi likita ya hana shi tafiyar. Kowace dabara ya juya sai ya ga dai shi yake son ya fita fes, tsohon kuma ya zama mai taurin kai a idon iyalinsa. Da aka tashi aiki da yamma, ya cire katin daga wuya ya cusa a aljihu, ya hau mota zuwa gidan surukai shi kaɗai.

Ya tarar da Baba a tsakar gida, sanye da sababbin takalman tafiya, yana kai da kawo tsakanin famfo da igiyar shanya, gorar ruwa a hannu. Atisaye yake yi. Numfashinsa har daga bakin ƙofa ana ji.

"A'a, Ofisa ne? Ina Auta? Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Baba. Wurinka na zo."

Baba ya zauna a kujerar roba ya nuna masa ɗaya. Ofisa bai zauna ba, ya tsuguna gefe, ya kafa wa takalman ido don ba zai iya kallon abin da ke samansu ba.

"Baba, yaron da ka samu a waya, ni ne."

"Na sani mana."

Ofisa ya ɗago.

"Tun daga gaisuwa na gane ka," in ji Baba yana dariya. "Muryar mijin 'yata za ta ɓace mini? Da na ji ba ka nuna ka san ni ba, sai na ce yaron nan ya san aikinsa, ba ya haɗa shi da zumunci. Abin ya burge ni. Shi ya sa ranar nan nake tsokanarka, kai kuma ka ƙi dariya."

"Ban gane ka ba, Baba." Ofisa ya maida idonsa kan takalman. "Wallahi ban gane ka ba. Abin da na faɗa maka kuma ba gaskiya ba ne. Watan nan shi ne mafi muni a shekara. Mai lafiya ma da ƙyar yake kaiwa, balle kai. Lokacin sanyi ake zuwa. Haka aka ce mu riƙa faɗa wa duk wanda ya kira, ni kuma nake faɗa."

Dariyar ta bar fuskar tsohon a hankali. Ya ajiye gorar a ƙasa, ya daɗe yana kallon famfon da ke ɗiga.

"Ni fa na karanta," ya ce. "Littattafan da na koyar da su duk sun ce lokacin sanyi. Da na ji ka ce ba haka ba, sai na ce littattafan sun tsufa, kai kake cikin harkar. Da ka ce da mahaifinka ne, na ɗauka da ni kake. Shi ya sa ban ƙara tambayar kowa ba."

Da dukansa Baba ya yi da ya fi sauƙi. Ofisa ya ji idonsa ya cika, ya ƙara sunkuyar da kai. Ya shiga ba da haƙuri, yana cewa gobe da sassafe zai raka shi a ɗaga tafiyar, komai zai gyaru, ba abin da Baba zai rasa.

"Tawa mai sauƙi ce," in ji Baba. "Ba ni kaɗai ba ne."

Ashe da ya ajiye wayar ran nan, wurin abokansa ya nufa, tsofaffin malaman da suke haɗuwa gaban shagon mai gyaran rediyo. Ya gaya musu surukinsa da ke kamfanin ya tabbatar masa, su ma suka je suka yanka. Akwai tsohon hedimasta mai ciwon sukari. Akwai malamin lissafi, da zai tafi da matarsa wadda ke dogara sanda. Hedimastan har musu ya yi, ya ce shi bai yarda da 'yan kamfani ba, Baba ya ce masa wannan ba ɗan kamfani ba ne, ɗansa ne.

"Ka ba ni lambobinsu, Baba. Zan kira su ɗaya bayan ɗaya."

"Ka kira su?" Tsohon ya dube shi a karon farko tun da ya ji gaskiyar. Ba fushi a idonsa, gajiya ce kawai. "A'a. Wayar ta isa haka."

Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya leƙa ɗaki ya ce wa Mama za su ɗan fita shi da Ofisa, ba za su daɗe ba. Ta tambaya ko ina, ya ce zaga unguwa. Suka fito titi, yara suna buga ƙwallo, mai shago yana yayyafa ruwa a ƙofar shagonsa. Baba yana gaba a hankali, yana tsayawa ya huta, Ofisa yana biye kamar ɗalibin da aka kama. Duk wanda suka wuce sai ya gaida Malam da girmamawa, Malam kuma ya amsa ya ce, "Ga surukina." Kowace faɗa sai Ofisa ya ji ta a ƙashinsa.

Suka tsaya a wata ƙofa mai shuɗin fenti. Daga ciki ana jin rediyo da tarin wani dattijo. Baba ya gyara wuyan rigarsa, ya goge gumin goshinsa da bayan hannu.

"Nan ne gidan hedimasta," ya ce. "Ni na kawo masa maganar, ni zan fara ba shi haƙuri. In na gama sai ka yi naka bayanin. Amma ka bari ya gama magana tukuna, yana da tsawon zance."

Ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa.