Ranar da Bosun Ya Daka Sakwara

Shekara goma sha ɗaya Bosun ya yi yana wanke bakinsa. Ya bar Ikere da Yarabancin Ekiti mai kauri, irin wanda mutanen Ibadan ke ji su riƙe ciki don dariya, ya yi ta goge shi har ya zama mai karanta labarai a gidan rediyo a Ibadan, can jihar Oyo. Gida da kakarsa ke kira ule ya koma ile a bakinsa, doya ta tashi daga ushu ta zama ishu. Yana ji da wannan baki nasa, har abin ya so ya yi yawa.

Sai matarsa ta haifi namiji. A gidansu babba ne ke zaɓa wa jariri suna, yana duba abin da gidan ke ciki a lokacin. Babba kuwa babu sai Eye, kakar da ta goya shi, wadda idonta ya tafi amma kunne na nan garau. Saura kwana biyu suna ya tuƙo mota ya zo, ya zube rub da ciki a gabanta, ya gaishe ta da muryar labaran ƙarfe bakwai.

"Sannu da zuwa, baƙo," in ji Eye. "Bukunmi, ba mutumin Oyo kujera."

Bukunmi ƙanwarsa ce, kuma ba ta taɓa ganin wuta ta ƙi ƙara mata itace ba. Ta kawo kujerar har da goge ta da bakin zane.

"Eye, ni ne fa, Bosun. Sunan ɗana na zo karɓa."

"Bosun nawa ba haka yake magana ba. Ni ba na ba baƙi suna."

Ya yi gyaran murya ya gwada bakin garinsu da gangan. Kalmomin suka fito a sandare, kamar an ari riga.

"Au, kwaikwayonmu kuma kake yi?" Eye ta juya masa ƙeya.

Dangin matarsa sun kafa rumfa, an ɗaure saniya, kowa na jiran sunan da zai zo daga Ikere. Abin da ya fi ci masa rai ma, tsohuwar da ta tauna masa abinci ce ke ce masa baƙo.

"Baƙo ba ya tafiya da yunwa," in ji Eye. Bukunmi ta ce ita kafaɗa ke damunta, ta miƙa masa taɓarya. Ya tuɓe babbar riga ya hau dakan doya, gumi na tsiyaya, ita kuwa ta tsaya a kansa.

"Kai, ranka ya daɗe, turmin ba makirufo ba ne, ba a yi masa raɗa! Dubi gudaji. Eye, a Ibadan ashe duwatsu suke haɗiya."

Ya daure sau ɗaya, ya daure sau biyu. A na uku ya doka taɓarya ƙasa.

"Ke tafi can, mai hannun kuturu! Wa ya koya miki daka in ba ni ba? Kin manta ranar da kika kifar da turmi, aka zane ni a madadinki?"

Duk maganar nan da bakin Ikere ya zazzago ta, tsantsarsa, babu ko ɗigon Oyo. Shi kansa sai da ya gama ya ji abin da ya fito.

Eye ta fashe da dariya har da buga cinya. "Ga ɗan banzan nan nawa! Zo nan."

Ya durƙusa, ta shafa fuskarsa da tafin hannu biyu.

"Kullum da safe ina sauraron mutumin nan na rediyo. Yana da murya, ba laifi, amma ba shi na goya ba. Je ka gaya musu sunan yaro Omowale, ɗa ya dawo gida."

"Jaririn ai bai je ko'ina ba, Eye," in ji Bukunmi.

"Wa ya ce da jaririn nake?"

Bosun ya sunkuyar da kai, hawaye na sauka a cinyarta, bai ko yi ƙoƙarin ɓoye su ba.