Bangon Kasuwa da Ɗakin Floridor

Doña Ercilia Millapán ta daɗe tana riƙe da sashen shara na ƙaramar hukuma, kuma ba a taɓa jin ta ƙi aiki ba. Tun da zanga-zanga ta ɓarke a garin, mutanenta ne ke fita kullum da safe su kwashe ƙonannun tayoyi da gwangwanayen barkonon tsohuwa, su wanke titi, da yamma a sake ɓata shi. Masu fasa shaguna ba sa burge ta, kuma ba ta ɓoye wa kowa ba. Amma kisan Floridor Cárcamo ya tsaya mata a wuya.

Floridor mai shara ne a ƙarƙashinta, dattijo mai ciwon gwiwa. Ya tashi daga aiki da rigar hukuma a jikinsa, ya tsaya sayen wainar sopaipilla mai zafi a kusurwar kasuwa, 'yan sanda suka buɗe wuta kan taron masu zanga-zanga da ke buga tukwane. Nan ya faɗi. Tun ba a binne shi ba aka sanar a rediyo cewa jifan masu zanga-zanga ne ya same shi. Dutse kuwa ba ya huda siminti. Ramukan harsashi na nan a bangon kasuwa, daidai tsayin kan mutum, ko makaho ya shafa zai gane.

Inda jininsa ya zuba, matarsa Audolía da maƙwabta suka gina masa animita, ɗan ɗakin nan na bulo da kwano da ake yi wa wanda aka yanke wa kwana a hanya, don ransa ya sami inda zai raɓe. Suka jingina shi da bangon, ƙarƙashin ramukan. Kyandir bai taɓa mutuwa a ciki ba.

Sai Don Belisario Oyarzún, daraktan ayyuka, ya kira Ercilia ofishinsa. Ya ce za a ƙawata kasuwa saboda baƙi na tafe daga babban birni: a yi wa bangon yaɓe, a shafa fenti, a kuma kawar da wannan tarkacen da ke jikinsa, wato ɗakin Floridor. Ta tambaye shi ko masu bincike sun zo sun duba ramukan. Ya ce aiki ya yi musu yawa. Ta tambayi wanda ya ba da umarnin. Ya ɗaga yatsa ya nuna rufin ofis.

"Sama tana da suna, Don Belisario," in ji ta. "Ni a sama Allah kaɗai na sani, kuma bai aiko a yi fenti ba."

Bai yi dariya ba. Ya tuna mata cewa ofishin juji na bayan gari na neman wanda zai zauna a ciki, kuma ba a cika duba shekaru ba wajen tura mutum can.

Ta sauka farfajiya ta tarar da ma'aikata na shan shayi da burodi. Da ta faɗa musu, Nibaldo direban tankar ruwa ya ajiye kofinsa. Ya ce shi ya wanke amai, ya wanke jinin da bai san mai shi ba, amma ɗakin Floridor sai dai a kore shi.

"Comadre," in ji shi, yana kiran ta da sunan zumunci, "ƙanin matata ƙafa kawai ya sa ya ture wani ɗaki irin wannan a hanyar teku, yana buge. Har yau a karkace yake tafiya kamar kaguwa."

Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan take. Kowa ya san abin da ake nema: ba kyan kasuwa ba, a binne ramukan ne kafin wani ya auna su. Ercilia ta dube su. Gwamnati ta kashe ma'aikacinta, ta yi masa ƙarya, yanzu kuma tana son abokan aikinsa su share mata sawu da hannunsu. Haka manya ke yi. Mai ba da umarni ba ya da suna, mai aiwatarwa kuwa har gidansa an sani. Idan ta matsa musu suka ƙi, su za a kora. Idan suka yi, su za su kwana da abin. Ta ce kowa ya shirya kayan aiki, gobe da safe a haɗu a kasuwa.

Washegari aka sauke siminti da bokitan fenti a gaban bangon. Ta buga wa Don Belisario waya ta ce komai ya kammala, shi kaɗai ake jira. Ba aikin da aka taɓa farawa a garin nan bai zo ya yi saran farko an ɗauke shi hoto ba. Ya zo kuwa, da hular kwano sabuwa fil.

Matan kasuwa sun bar rumfunansu sun kewaye wurin. Audolía na durƙushe tana sauya ruwan furanni, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ercilia ta karɓi guduma daga hannun Nibaldo ta miƙa wa darakta.

"Kai ka saba buɗe aiki. Bismillarmu a hannunka take. Ka fara, mu ƙarasa."

Ya ce wannan aikin leburori ne.

"Na leburori ne in ba hoto. To ga masu hoto nan cike da kasuwa. In kuma hannunka ya yi nauyi, faɗi sunan wanda ya aiko ka, mu kira shi ya zo ya sara da kansa."

Ya riƙe gudumar. Ercilia ta san shi tun yana yaro, ta san uwarsa na kunna kyandir a animitar da ke bakin gada, ta kuma sha ganinsa yana yin alamar gicciye a mota in ya wuce ta. Ya dubi ɗan ɗakin, ya dubi tsohuwar hular Floridor da aka rataya a ciki. Wata mai kifi ta ce masa ya yi a hankali kada ya ɓata takalminsa. Ya jingina gudumar da bango a hankali, ya ce launin fentin bai yi ba, a dakata sai an sake shawara. Suna kuwa bai faɗa ba.

A makon nan aka mayar da Ercilia ofishin juji, inda ƙuda ke rigan mutum shan shayinsa. Bangon bai ga yaɓe ba, don an rasa wanda zai taɓa ɗakin. Da surutu ya yi yawa masu binciken suka zo, suka tono harsashi daga siminti suka tafi da shi. Rediyo ba ta janye maganar dutse ba. Ba ɗan sandan da aka kira.

Mutane sun fara kai wa Floridor buƙatunsu, wannan aiki, wancan lafiyar ɗa. Wata safiya Nibaldo ya tsayar da tankarsa a gaban ɗakin ya tarar da Ercilia tana kunna kyandir kafin ta kama motar juji. Ya tambaye ta ko canjin ofis take roƙo.

"Juji bai dame ni ba, can aƙalla an san sharar wa ake binnewa," in ji ta. "Suna nake roƙo. Wanda ya harba, da wanda ya ce a harba."