Hannun Kunle a Sama

Duk wanda ya saba bin hanyar Kaduna daga Suleja ya san wani mai faci a mahaɗar Diko, Bayarabe, sunansa Kunle. Da zarar ya hango wata Vespa ruwan toka, sai ya saki abin da yake yi, ko da tiyub ne a cikin ruwa yana ɓulɓulo, ya miƙe ya ɗaga hannun dama sama. Baƙo sai ya ɗauka gaisuwa ce. 'Yan gari kuwa sun san ƙwallo yake jira a miƙo masa, kuma shekara goma sha wani abu ke nan yana jira.

Mai Vespa ɗin shi ne Bamalli, wanda tun yana saurayi aka raɗa masa suna Ci-Kaɗai. A zamaninsu shi da Kunle tare suka buga wa ƙungiyar wani kamfanin masaƙa a Kaduna, ƙwallo ce sana'arsu, ita ke ciyar da su. Bamalli ne lamba tara, kuma tsakani da Allah ya iya. Yana ci da dama, yana ci da hagu, yana ci da ka. Abu ɗaya ne Allah bai hore masa ba, shi ne ya bai wa wani. A wani wasan kusa da na ƙarshe na cin kofi, ya yanke 'yan baya, gola ya fito ya tare shi a gefe, ga Kunle can tsaye gaban raga ita kaɗai, hannu a sama yana ihu kamar ana yanka shi. Bamalli ya buga da kansa, ƙwallo ta daki gefen raga ta waje, aka fitar da su. Har gobe Bamalli cewa yake bai gan shi ba. Shi kuma Kunle ya ce ai shi ya sa yake ɗaga hannun, ko Allah zai sa wata rana ya gani.

Masu zaɓen 'yan wasan ƙasa sun zo kallon Bamalli fiye da sau ɗaya, suka koma suna cewa yaron yana da ƙafa amma ba shi da ido. Wannan magana ta ci masa rai, ba ya dai faɗa. Da gwiwa ta tsayar da shi, sai ya dawo gida Suleja ya zama kocin Taurarin Kurmin Sarki, ƙungiyar samarin unguwa da ke atisaye kullum bayan la'asar.

A shekarar da Najeriya ta ciyo zinare a Atlanta, babu yaron da ke buga ko da lemon tsami ne a lungun Suleja da bai ga kansa a Turai ba. A cikinsu mutum ɗaya ne Bamalli ya san ba mafarki yake ba, wato Timoti, ɗan wata malamar firamare, dogon saurayi mai gudu kamar an biyo shi. Yana ci da dama, yana ci da hagu. Kuma don Allah ya nuna wa Bamalli iyakarsa, yaron ko uwarsa ce ta tsaya gaban raga ba zai ba ta ba.

Sai ga labari cewa ranar bikin 'yancin kai, da za su kara da Sabon Wuse, wata babbar ƙungiya daga Jos za ta turo mutuminta, wani Mista Obiora, ya duba Timoti. Hankalin Bamalli ya tashi ƙwarai, don ya san irin mutanen nan. Ba yawan cin da ka yi suke kallo ba kawai, suna kallon wanda ka hana.

Aka shiga wa'azi. Kullum a filin atisaye muryar Bamalli ce ke tashi: "Ba shi! Timoti, ga Abdulbasit nan, ba shi!" Masu sayar da rake da ke gefen fili suka riƙa taɓa juna. Tsofaffin da suka san shi da can har kujera suka fara kawowa don su ji Ci-Kaɗai yana koyar da rabo.

A gida ma bai tsira ba. Matarsa Asibi ta aje masa tuwo ta tsaya tana kallonsa.

"Baban Jannatu, wai da gaske kai ne ke cewa a bai wa na kusa? Kai da ko kwanon miya sai an roƙe ka kake turo shi?"

"Wannan daban."

"Daban ne kam. Ita miya ba ta gudu."

Amma wanda ya gama da shi Timoti ne. Wata rana da yamma, bayan ya sake hana Abdulbasit ƙwallo a gaban raga, Bamalli ya busa usur ya kira shi gefe. Yaron ya zo da ladabi, hannu a baya.

"Koci, wallahi ba raini ba ne. Ni fa da ku nake koyi. Duk garin nan an ce ba a taɓa yin lamba tara kamar ku ba, kuma an ce ba ku taɓa bayarwa ba. Ku faɗa mini fasin ɗaya da kuka taɓa yi, *just one*, gobe in fara."

Bamalli ya buɗe baki. Ya tuno Kaduna, ya tuno Jos, ya tuno Inugu, ya bi wasannin rayuwarsa kaf kamar mai neman allura a cikin buhun gero. Ya rufe bakin.

To, al'adar garin ce a irin wannan rana, kafin babban wasa, tsofaffin 'yan ƙwallo su fito su yi nasu don a yi dariya. Ana kiransa wasan tumbi. Bamalli bai taɓa fashi ba, kuma bai taɓa fita bai ci ba. A bana sai ya hau Vespa ya tafi Diko da kansa. Kunle na hango shi ya miƙe, hannu a sama.

"Sauke hannun nan, Kunle. Wasan tumbi za ka zo ka buga mana lamba sha ɗaya."

"Ni? Gefenka? Ah ah, Bamalli, *you wan kill me*? Zan zo ne in tsaya ina kallon bayanka kamar da?"

"Ka zo dai."

Ranar ta zo. An yi ruwa da safe, fili ya yi kore, tsakiyarsa taɓo. Jama'a sun cika har kan katanga, ga Dutsen Zuma can nesa ya sha wanka. Mista Obiora ya samu benci a inuwa, da tabarau. Timoti da abokansa suna zaune a bakin layi, sun riga sun sa riguna, suna jiran a gama abin dariya.

Tsofaffi suka yi ta haki da zamewa, kowa ya yi gudu kaɗan sai ya riƙe ƙugu. Can wajen ƙarshe ƙwallo ta faɗo gaban Bamalli. Ƙafa ba ta manta ba. Ya yanke wani tsohon ma'aikacin gidan waya, ya bar wani limamin coci zaune a taɓo, gola ya fito ya zame da kansa tun ba a taɓa shi ba. Raga ta buɗe masa hanhai. Duk jikinsa, tun daga yatsan ƙafa har wuya, cewa yake buga. Filin ma ya fara ihun an ci.

Sai ya ɗaga kai. Ga Kunle a hagu, tumbi a gaba, furfura a gemu, hannu a sama.

Bamalli ya karkata ƙafa ya tura masa ita. Wallahi fasin ne mai kyau, a ƙasa, a hankali, daidai ƙafar dama, irin wanda ko jariri zai tura ciki. Fili ya yi tsit, don ba wanda ya taɓa ganin haka. Shi kansa Kunle bai taɓa gani ba. Ya tsaya yana kallon ƙwallon tana zuwa kamar an aiko masa da baƙon da bai shirya wa ba, sannan ya ɗaga ƙafa da dukkan ƙarfin shekarun da ya yi yana jira, ya aika da ita sama da turke, sama da katanga, har cikin gonar rogon da ke bayan fili.

Abin da ya biyo baya ba a cewa komai. Wasu har kwanciya suka yi don dariya. Wani ya ɗaga murya: "Ashe Bamalli ne mai gaskiya tun fil azal!" Kunle ya tsaya hannu a ƙasa, kai a ƙasa, ya ma kasa dariyar da ya saba. Bamalli ya ji tausayinsa har cikin zuciya, ya kuma ji tsoro, don da ya waiwaya bakin layi ya ga Timoti yana murmushin wanda aka gama ba shi hujja.

Da aka tashi, ya ja Kunle ta hannu har gaban yaransa, yana ɗingishi.

"Kun ga abin da ya faru?"

"Mun gani, Koci," in ji Timoti. "Da kun buga da kanku..."

"Rufe mini baki. Laifina ne. Ƙwallon ta yi masa baya, kuma ta yi tsalle. Ba wanda zai ci wannan."

Kunle ya ɗago ya dube shi. Yaran ma suka dubi juna, don duk sun ga fasin ɗin da idonsu.

"Na ce ta yi masa baya," Bamalli ya maimaita. "Mutumin nan a zamaninsa ba ya ɓarar da irin wannan. Lokacin da ya kamata in ba shi, yana da ƙafar ci, ban ba shi ba. Yau na bayar, ni ban iya ba, shi kuma ya tsufa. Masu tabarau irin wancan sun zo kallona, Timoti, suka tafi suka bar ni. In kana so ka fara bayarwa kana da furfura, ga yadda abin yake kama."

Timoti ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da take a ɗaure.

Wasan da Sabon Wuse ya yi zafi, aka je hutun rabin lokaci ba ci, aka dawo ba ci. Ana dab da tashi Timoti ya kuɓuce wa 'yan baya, gola ya fito ya tare shi a gefe, daidai irin wurin nan. Abdulbasit na tsakiya, bai ma ɗaga hannu ba, don ya daɗe da fid da rai. Timoti ya ja ƙafa baya kamar zai fasa raga, sai ya ɗaga kai, ya tura ta gefe. Abdulbasit ya taɓa ta shiga.

Mista Obiora ya cire tabarau ya tambayi na kusa da shi inda gidan su yaron yake. Kafin Kirsimeti Timoti yana Jos.

Bayan kwana biyu da wasan Bamalli ya bi ta Diko. Ya hango Kunle durƙushe kan taya, Kunle ya ga Vespa sarai amma ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa. Bamalli ya wuce, sai ya ji hanyar ta yi masa wani iri, kamar ya shiga gida ba a amsa sallamarsa ba. Ya juyo, ya tsaya a gaban rumfar.

"Kai, ina hannun?"

"Wane hannu kuma? Ka ba ni, na zubar. *Case don close*."

"Na ce maka ta yi baya."

"Bamalli, ni da kai mun san ba ta yi baya ba."

"Ni ne koci, ni na san fasin mai kyau. Wancan ba ya cikin lissafi. Har yanzu ban ba ka ba."

Kunle ya saki tayar. Ya goge hannunsa da tsumma a hankali, ya dafa gwiwa ya miƙe, idonsa ya kawo ruwa, bakinsa yana ƙoƙarin dariya. Sannan ya ɗaga hannun dama sama.

"To ga ni nan," ya ce. "Ba kowa a kaina."

"Na gan ka," in ji Bamalli.