Tazarar Ɗinki

A shekarun da jirgin ƙasa ya fara kwasar gyaɗa daga Kano, akwai wani baduku a Dutse ta ƙasar Kano, cikin Garu, ana ce masa Muntaka. Rumfarsa tana jingine da wani falalen dutse, ƙarƙashin dabino. Duk ƙasar an san ɗinkinsa: ƙanana, kusa da kusa, sai ka kai ido sosai kafin ka ga inda basilla ta shiga. A wurin dukawa wannan shi ne ma'aunin gwani. Mai faɗin ɗinki ɗan koyo ne, ko da ya yi furfura.

Sai hannuwa suka ƙi. Yatsun suka kumbura, suka kanannaɗe, basilla ta riƙa suɓucewa tana faɗuwa a cinyarsa. Ya ba da bijiminsa na noma ga wani Balarabe mai sayen fatu a Kano, aka ɗoro masa tsohon keken ɗinkin fata, baƙi, mai nauyin tsiya, irin wanda ake takawa da ƙafa. Keken ya yi aiki damina guda, ya tsaya cik.

Mutanen gari suka ce aljanun duwatsu ne ba sa son ƙarfen Nasara. Aka yi turare, aka rataya masa laya a wuya. Bai motsa ba. Aljanun Dutse sun sha ɗaukar laifin da ba nasu ba, kuma ba a taɓa jin sun yi musu ba.

Da kaka ta yi, Ɗan'inna madugu ya kawo ƙiraga, jemammun fatun shanu, ya jibge a rumfar, a ɗinka masa taikunan da jakunansa za su yi dakon gyaɗa zuwa Kano. Ya ce bayan cin kasuwar Shuwarin zai tashi, in babu taiki zai kwashe fatunsa ya kai wa wani. A makon ne kuma Mu'minatu, 'yar Muntaka, ta zo daga Miga. Mijinta ya share wa surukin nasa ɗaki a can, kusa da zaure. Uba da 'ya suka ja magana har suka gaji, suka tsaya a kan ɗaya: in jakuna suka tashi ba da taikunan Muntaka ba, zai rufe rumfa ya bi ta.

Saƙon da aka aika neman mai gyara ya tarar da shi a Jahun. Sunansa Sharhabilu, Bazazzage ne, ya daɗe a ma'aikatar jirgin ƙasa ta Zariya kafin ya koma yawon garuruwa da kayan aiki a burgami. A ƙafa ya zo. Ya yi sallama, ya zauna bakin rumfa, ya daɗe yana murza idon sawunsa kafin ya ko dubi keken.

"Sannu da zuwa, bawanmu," in ji Muntaka. "Ashe har yanzu Zagezagi ba su san hawa jaki ba?"

"Baba, duk jakunan kun kwashe kun naɗa musu rawani. Me za mu hau?"

Muntaka ya yi dariya, abin da ya kwana biyu bai yi ba.

Sharhabilu ya kama ƙafar juyin keken da hannu biyu ya murɗa. Ko gezau. Ya kwance murfin gefe, ya zura yatsa, ya fito da wani abu baƙi mai danƙo. Ya sunsuna. Ya sake sunsunawa.

"Baba, me kake ba shi?"

"Abin da nake ba sirdi. Man shanu. Kowace Juma'a, ban taɓa fashi ba."

"Inna lillahi. Kowace Juma'a." Ya goge yatsan a ƙasa. "Ku Kanawa har ƙarfe sai kun yi masa miya? Saura daddawa."

"Abin da ya bushe mai yake so. Haka muka tashi muka gani."

"Fata ke shan mai, Baba. Ƙarfe ba ya sha. Yana nan inda ka zuba shi, ya haɗu da garin fata da kakin zare, ya zama ƙaro."

Ya shimfiɗa tabarma, ya fara kwancewa. Duk abin da ya cire sai ya ajiye shi kusa da wanda ya riga shi fita, don kada ya ɓata a mayarwa. Ya zuba kananzir a kasko, ya jiƙa ƙarafan, yana kankare su da tsinke. Aiki ne marar daɗin kallo. Wuni ya tafi a kansa, washegari ma haka. Muntaka na zaune da hannuwansa a cinya, yana kallon cikin kekensa a baje kamar an yi fiɗa.

Da rana ta take Mu'minatu ta kawo fura. Ta jira har uban ya zaga bayan dutse, sannan ta rage murya.

"Malam, in ba zai gyaru ba, don Allah ka faɗa masa gaskiya. Kada ka ja shi."

"Zai gyaru."

Ba amsar da take so ke nan ba, kuma ba ta ɓoye ba.

"Da safe sai na ɗaura masa mazagin wando," ta ce. "Shi kaɗai yake kwana a gidan nan. Ni kuma na bar yara a Miga."

"Ni ƙarfe aka kira ni in duba, baiwar Allah."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta koma ciki.

Da Sharhabilu ya gama wankewa ya mayar da komai, ya ɗiga man da ya zo da shi a 'yar kwalba, ɗigo ɗigo, fari kamar ruwa. Keken ya juya, amma bai kama zare ba. Sharhabilu ya kwanta rigingine a ƙasa, yana leƙen inda ƙoshiya mai ɗauke da zaren ƙasa ke haɗuwa da allura, yana ce wa Muntaka ya juya a hankali. Ƙoshiyar tana makara, allura ta riga ta tashi kafin ta iso. Ya sassauta, ya matsar da ita kaɗan, ya ɗaure. Ta yi gaggawa. Ya sake. Haka suka yi ta yi har wuyansa ya ƙage. Da ta kama, sai zaren ƙasa ya riƙa dunƙulewa, ya koma kan faifan nan biyu ƙanana da zare ke bi ta tsakaninsu, yana matsewa yana gwadawa. Ƙasan rumfar ba daidai take ba, keken yana rawa, suka cusa masa ɓallin dutse a ƙafa ɗaya. Igiyar juyin ta saki, Muntaka ya nuna inda za a yanko sabuwa daga gadon bayan ƙirgi, inda fata ba ta miƙewa.

Sharhabilu ya sa guntun fata ya taka. Keken ya tafi sumul, da wata ƙara mai daɗi. Ya yanke zare ya miƙa wa tsoho.

Muntaka ya juya fatar, ya ɓata fuska.

"Wannan ɗinki ne ko shingen gona? Akuya za ta wuce ta tsakani."

"Haka taiki yake so."

"Wancan ɗan notin na gefe, ai shi ke rage tazara. Na san shi. Mayar da shi ƙasa."

"Baba, basillarka buɗa fata take yi, in ta fita ramin ya rufe. Allurar nan bakinta wuƙa ne, yanka take yi. In ramukan suka matsu, tsaga ka yi, ba ɗinki ba."

"Ni za ka koya wa fata? Ina ɗinki ba a haifi uwarka ba."

"Allah ya ba ka haƙuri. Ni dai na faɗa."

Bayan Azahar gajiya ta kayar da Sharhabilu, ya miƙe a inuwar dabino, barci ya kwashe shi. Muntaka ya dubi notin. Yatsunsa ba su iya kama shi ba, sai da ya haɗa da tafin hannu biyu ya murɗa shi har ƙarshe. Ya jawo ƙirgin da aka riga aka yanka, ya haɗa baki, ya taka.

Ɗinkin ya fito kamar yadda yake fita a hannunsa sa'ad da yake da hannu. Ƙanana, a jere, ba ka ganin rami. Ya daɗe yana shafa shi da babban yatsa. Ya kira Mu'minatu ta gani, ita ma ta shafa.

Da La'asar Ɗan'inna ya zo da jaki guda da gyaɗa don gwaji. Ya ga ɗinkin ya ce, "Kai! Baba Muntaka ya dawo!" Suka cika taikin, shi da Sharhabilu, wanda ya farka ya ga ɗinkin ya kawar da kai. Suka kama kunnuwan taikin, suka ce bismilla, suka ɗaga.

Bai ko kai bayan jakin ba. Ya tsage tun daga baki har gindi, a kan layin ɗinkin daidai, kamar an bi shi da aska. Gyaɗa ta watse har bakin hanya. Awakin maƙwabta suka taho a guje.

Babu wanda ya yi dariya. Mu'minatu ta durƙusa tana tattarawa da faifai, tana korar awaki da gwiwar hannu. Ɗan'inna ya ɗaga fatar ya duba. Zaren yana nan lafiya, bai tsinke ko'ina ba. Fatar ce ta rabu.

"Baba, ba ni da wata fatar ɓatawa," ya ce, a hankali. "Jibi Shuwarin."

"Baba, mu tafi gida," in ji Mu'minatu daga ƙasa, ba ta ɗago ba. "Ya isa haka."

Muntaka ya dubi hannuwansa. Ya dubi falalen dutsen da ya jingina da shi tun ubansa na da rai. Can ya ce, "Kai Bazazzage."

"Na'am, Baba."

"Mayar da notin inda ka sa shi."

Sharhabilu ya mayar. Suka datse bakin da ya tsage, taikin ya ɗan ragu, Muntaka ya sake takawa. Ɗinkin ya fito da faɗi, kowane zare a fili, irin wanda da ɗan koyo ne ya kawo masa a da, da ya warware shi a gabansa. Aka cika, aka ɗaga, aka ɗora wa jaki. Ɗan'inna ya zagaya da shi bayan dutse ya dawo, ya sa aka sauke da ƙarfi, aka sake ɗorawa. Taikin bai ce komai ba.

"To, madalla," in ji madugu. "A yi sauran haka."

"In an tambaye ka a Kano wa ya ɗinka," Muntaka ya ce, "ka ce keke."

"Wa zai tambaya, Baba? Gyaɗa suke dubawa."

Ranar da jakunan suka tashi, taikunan Muntaka ne a bayansu. Sharhabilu ya bar masa 'yar kwalbar man, ya bi ayarin don ya rage hanya. Mu'minatu ta ƙara kwana, ta daka masa gero, ta roƙi matar maƙwabci ta riƙa leƙa shi da safe. Da ta fito da ƙunshin kayanta a ka, ta tsaya bakin rumfa.

"Baba, na tafi. Ɗakin dai yana nan."

"Na ji, Uwata. Ki gai da yaran."

Akwai wani guga da aka kawo gyara, yana ƙarƙashin allura. Ya dafa fatar da bayan hannu, ya ci gaba da takawa, yana kallon hanya.