Rigar Takobin Gidan Ozeki

Ozeki Matashichi bai taɓa yanka ko kabewa da takobin kakansa ba, amma kaf garin babu wanda bai ga takobin nan ba. Ka je masa gaisuwar mutuwa, sai ya zaro maka shi. Ka je aron lema, sai ya zaro. Kuma duk shekara, ana gama girbin shinkafa, zai naɗe shi a alharini ya kai wa tsoho Rihachi mai washin takubba, wai ƙyallin ya dushe. Shekara goma sha tara ke nan ana wannan hidima.

Bana kam da dalili. Shugaban masu gadin babbar ƙofar fada ya rasu, Matashichi kuwa yana son kujerar kamar ransa zai fita. Ya tsufa yana gadin ƙofar baya, inda masu kifi ke shiga. Don haka ya yanke zai ba uban ƙasa takobin kyauta, amma sai an ƙara wasa shi.

Rihachi ya juya takobin a hasken taga, ya yi ajiyar zuciya.

"Maigida, ka bar shi haka. Na faɗa bara, na faɗa bara waccan. Maƙerin da ya yi shi ƙarfe biyu ya haɗa. Mai tauri a waje kamar riga, shi ke yanka. Mai laushi a ciki, shi ke hana shi karyewa. Duk washi, rigar nake ci. Abin da ya rage bai kai ɓawon albasa ba."

"Mai laushi?" Matashichi ya zaro ido. "A takobin gidanmu? Kai tsoho, wuƙar kifin matarka kake nufi. Mu gidan Ozeki tauri ne ciki da waje!"

"Duk takobin kirki haka yake, maigida."

"Ɗauki dutsenka, ba surutu na zo ji ba."

Rihachi ya duƙa, ya karɓa. To me zai ce wa samurai, jarumin fada?

Bayan kwana goma Matashichi ya dawo. Takobi na walƙiya, sai dai a tsakiyarsa ga wasu tabo-tabo sun fito, dishi-dishi, kamar kyasbi a wuya. Rihachi ya buɗe baki zai yi bayani.

"Gajimare!" in ji Matashichi, baki har kunne. "Ka ga abin da ka so ka hana ni gani? Ado ne kakana ya ɓoye a ciki."

Tsoho ya naɗe takobin a alharini, ya miƙa masa.

Ranar kai kyauta, fada ta cika. Matashichi ya miƙa takobi da hannu biyu, yana ta cika baki a kan gajimaren. Aka ba Kanzaki, masanin takubban fada. Ya sa takarda a leɓe don kada numfashinsa ya taɓa ƙarfen, ya duba sama, ya duba ƙasa. Sannan ya cire takardar a hankali.

"Ranka ya daɗe, wannan ba ado ba ne. Riga ta ƙare, ƙarfen ciki ne ya leƙo. Takobin ya mutu."

"Kash! A wane yaƙi?" in ji uban ƙasa.

"Yaƙi uku kakansa ya je da shi, ya dawo lafiya lau. Dutsen washi ne ya cinye shi, a zaune."

Wani ya yi tari don danne dariya. Matashichi ya ji kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Uban ƙasa ya dube shi, ya ce:

"Ƙofa dai na ba abokin takararsa, Tsuruta. Amma mutum mai son ƙyalli haka, ba a barinsa ba aiki. Daga gobe shi ne shugaban masu goge daɓen katakon fada." Ya juya wajen Kanzaki. "A gaya wa kafinta ya riƙa duba kaurin katakon duk shekara."

Kyautar uban ƙasa kuwa dole a gode mata. Matashichi ya kifa goshi a ƙasa, ya yi godiya sau uku, da ƙarfi yadda kowa zai ji.